Matar da Ba Ta Cikin Anko

Wani Alhaji mai sayar da tayoyi ya taɓa shigowa shagona a nan Zongo, ya baje a kan bencin masu jira, ya ce in ba shi hotonsa. Na ce, "Wanne daga ciki, Alhaji?" Ya ce wanda yake tsaye. Na ce na wace shekara? Ya ce shekarar da rago ya yi tsada. Na dube shi, ya dube ni. Tun da na yi wayo a Lome ban ga shekarar da rago ya yi araha ba, amma ban faɗa masa haka ba, don Alhaji ne, kuma Allah ya ba shi murya. Na kunna kwamfuta na shiga lalube, shi kuma ya aika a kawo masa shayi.

To wannan ita ce sana'ar da ku yaran yanzu kuke cewa ba ta da wuya. Kuna zuwa ku jingina da ƙofata, waya a hannu, ku ce, "Tonton Sale, mais c'est facile, ai ba wuya, dannawa kawai ake yi." Gaskiyarku. Ɗauka dannawa ce, ko akuya ta taka waya tana iya ɗaukar hoto. Amma inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Ku bari sai ranar da aka zo aka ce ku fito da hoto guda daga cikin tarin shekara ashirin, mai shi bai san rana ba, bai san wata ba, sunansa kuma Alhaji, kamar rabin mazan unguwa.

A unguwar Bè na koyi aiki, wajen wani ɗan ƙabilar Mina da ake kira Fo Kossi. Mahaifina ne ya kai ni, da kwalaben lemo a maimakon giyar da aka saba kai wa maigida, ya ce ɗansa ba zai shiga sana'a ta ƙofar barasa ba. Fo Kossi ya karɓa yana gunaguni. Shekarar farko ko igiyar kamara ban taɓa ba. Aikina shara, ɗebo ruwa, wanke tasoshin maganin wankin hoto, da shanya hotuna a igiya kamar kayan jarirai. Fim ɗin da aka wanke kuwa, yana sa kowanne a ambulan, ya jera su a gwangwanayen biskit, ya jefa ɗan ƙullin shinkafa a cikin kowane gwangwani. Ni ɗan malam da na ga ƙullin nan sai na ce shi ke nan, tsafi ne. Na daɗe ina karanta Falaƙi da Nasi kafin in ɗaga murfi. Sai daga baya ya gaya mini shinkafar tana shanye damshin teku ne, don kada fim ya yi fumfuna. Ya yi mini dariya har ya zauna a ƙasa.

Abin da ya fi dukana a kai shi ne mayar da ambulan inda ba muhallinta ba. Yakan ce hoton da ba ka san inda yake ba, ba ka ɗauke shi ba. A lokacin na ɗauka mitar tsufa ce.

Da kamarar kati ta shigo, wato ta zamani da ba ta aiki da fim, na riga na buɗe shagona, na yi murna kamar an ba ni kujerar Makka. Ba sayen fim, ba warin magani, ba ɗaki mai duhu. Ashe gudun gara na yi na faɗa gidan zago. A zamanin fim sai ka jera mutane, ka gyara wa wannan hula, ka ce wa waccan ta daina tauna, sannan ka danna sau ɗaya. Da kati kuwa yatsa ba ya gajiya. Biki guda sai in dawo da abin da Fo Kossi ba ya ɗauka a shekara. In juye a kwamfuta, in ta cika in kwashe a faifan sidi, in ɗauki alƙalami in rubuta "biki" a kai. Na gaba in rubuta "biki na biyu". Akwai "sabon biki", akwai "biki na gaske", akwai wanda na rubuta wa "kar a taɓa", har yau ban tuna dalili ba.

Ita ma kamarar ta taimaka wajen ɓata ni. Ta hannu ce, wani ya kawo mini daga wajen tashar jiragen ruwa, kuma agogonta yana da lalura. Duk sanda na canja batir sai ya koma ranar ɗaya ga Janairu, lambar hotuna ma ta koma farko. A wajen kamarata, duk auren da aka yi a Zongo, da suna, da walimar saukar karatu, da dawowar alhazai, a rana ɗaya aka yi su. Na san da matsalar. Kullum ina cewa gobe zan gyara, kuma kun san yadda gobe take.

Shekarar korona ita ce muguwar shekararmu. Biki ya tsaya cak. A ɗaura aure a falo da mutane 'yan kaɗan, kowa da ƙyalle a hanci, ba mai son hoton rabin fuskarsa. Na zauna a gida har matata Hajara ta gaji da ganina. Ta ce tun da ba ni da aikin yi, in fito da kwalayen faifan da na cusa a ƙarƙashin gado, in ba haka ba za ta ba yara su yi fanka da su. Na jawo su. Waɗanda suka zauna da mu lokacin da muke haya a Baguida, iskar teku ta riga ta cinye su, sun yi ɗige-ɗige, kwamfuta ta haɗiye su ta yi gurnani ta tofar. Na bukukuwa da dama sun tafi haka nan, Allah ya jiƙansu. Sauran na juye su a manyan diski guda biyu iri ɗaya, ɗaya a shago ɗaya a gida, don wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Juyewa ba ita ce wahalar ba, jerawa ce. Na fara da suna. Kafin azahar ina da Hajiya ta fi gaban lissafi, ga Baba, ga Mma, ga Maman Sani a kowane lungu. Mace guda, a gidan ubanta sunanta daban, a gidan miji daban, in ta haihu a kira ta da sunan ɗan, in kuma sunan surukarta gare ta to ba mai ambatarsa ma. Na koma kwanan wata, na tuna ɗaya ga Janairu. Aka sa mini wata manhaja da aka ce tana gane fuska. Ta yi kwanaki tana nazari, ƙarshe ta haɗa ni da limamin unguwarmu ta ce mutum ɗaya ne. Liman bai ji daɗin labarin ba, ni kuwa na ji.

Hajara ce ta fitar da ni. Tana wucewa ta bayana da faranti, ta leƙa kwamfuta, ta ce, "A'a, bikin gidan Alhaji Mumuni. Ba ka ga anko mai fanka ba? Ai ina da cikin Nura a lokacin."

Na ce, "Wannan fa?"

"Mai mukulli. Auren 'yar mai goro, bayan babbar salla, shekarar da aka kwashe mana wuta."

A nan na gane matan Zongo suna da kalandarsu, a jikin atamfa take. Kowane biki da zanen da aka fitar, kowa ta saya ta ɗinka, kuma ba mai yarda ta maimaita na wata. Mace tana iya manta shekarar haihuwarta, amma ba ta manta ankon da ta sa, da wadda ta ƙi saye, da wadda telanta ya ɓata wa hannun riga. Na zaunar da Hajara da maƙwabtanmu mata a tsakar gida, ina nunawa suna faɗa, suna gardama, suna tono tsofaffin faɗace-faɗace, ni ina rubutawa. Kowane biki na buɗe masa dosiye, wato jakarsa a cikin kwamfuta, da sunan zane a gaba, sannan gida, sannan abin da aka yi. A cikin kowace jaka na ware amarya, na ware 'yan anko, na ware maza a rumfa. Tarkacen da ba na kowa ba, masu duhu da masu karkata, na tura su wata jaka na rubuta "gwaji". Ban goge ba don rowa ce da ni.

Shi ma Alhajin mai tayoyi da haka na samo shi. Na ce ya kira uwargida ya tambaye ta zanen da ta ɗinka a sallar. Kafin shayinsa ya huce ga shi tsaye, ga rago. Daga nan na fara tafiya ina buɗa kafaɗa. Duk wanda ya zauna kusa da ni a masallaci sai ya ji labarin tsarina, har aka fara barin sahuna da sarari.

Ramatu ta zo wata ranar Laraba da hantsi. Tana sayar da kayan yaji a kasuwar Agoè-Assiyéyé, mace mai jiki da fara'a, ta ba arba'in baya. Ta sauka daga zemijan, wato babur ɗin haya, ta shigo, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba. Na san uwarta. Duk Zongo an san Mma Adiza, don ita take girkin manyan bukukuwa, kuma ta rasu shekaru kaɗan kafin korona.

Can ta ce, "Baba Sale, 'yata ta haihu. Mace. An sa mata sunan Mma."

Na ce, "Barka, barka. Allah ya raya, ya sa ta gaji mai sunan."

"Amin. Kowa ya zo barka sai ya ce ga Mma ta dawo, ga hancinta, ga goshinta. Ni ma sai in ce haka ne." Ta murza bakin mayafi. "Baba Sale, ban sani ba ko haka ne. Fuskarta ta ɓace mini. In na rufe ido ina jin muryarta, ina ganin hannunta, har ƙunar da ke nan wajen. In na ɗago zuwa fuska, babu. Ban gaya wa kowa ba. Wace irin 'ya ce take manta fuskar uwarta?"

Na tambaye ta ko ba su da hoto a gida. Ta ce guda ɗaya ne, na katin shaida, ruwan sama ya shiga ɗaki ya wanke shi fes.

Ni kuwa, maimakon in yi shiru in yi tunani, sai na gyara zama kamar likita. Na ce ta kwantar da hankalinta, ta zo wurin da ya dace. Na ɗora hannu a kan kwamfuta na ce, "Faɗa mini anko ɗaya kawai da ta taɓa sawa."

Ta dube ni. "Anko? Baba Sale, anko ai na masu zama a kujera ne. Mma tana can baya wajen murhu, da tsohon zanenta."

Kunya ta rufe ni. Tsarin da na cika wa mutane kunne da shi ya san amarya, ya san ƙawayenta, ya san alhazan da suka zo cin abinci, amma ba shi da gurbin wadda ta dafa. Kuma Mma Adiza ba ƙyamar hoto take ba. Duk sanda na ɗaga kamara wajenta sai ta kare da hannu ta ce, "Sale, kar ka ɗauke ni haka. Bari in sauke tukunya in yi wanka in sa kaya." Kafin ta sauke tukunyar ƙarshe an ɗauki amarya, ni kuma na bi motoci. Biki bayan biki haka muka yi ta yi. Da na ce bari in tuno fuskarta ni ma, sai na tarar ludayinta na fi sani. Na san yadda take nutsa shi ƙasan tukunya ta fito mini da tsoka. In ina gabanta, idona ba ya wuce nan.

Kwaɗayin nan ne ya ba ni ɗan abin kamawa. Al'adata ce in na isa gidan biki in zarce baya in ce zan gwada haske. Kowa ya san farantin farko nake nema, amma don in kare mutuncina sai in danna sau biyu ko uku cikin hayaƙi kafin in miƙa hannu. Waɗannan su ne cike da jakar gwaji. Na ce wa Ramatu ta ba ni lokaci, ban ƙara yin wani alkawari ba.

Ku da kuke cewa da sauƙi, da ma kun zauna kusa da ni a makonnin nan. Ba suna, ba anko, ba abin da zan rubuta in ce kwamfuta ta nemo. Manhajar gane fuska ma sai an nuna mata fuska take nemo irinta, mu kuwa fuskar ce ba mu da ita. Biki ɗaya ɗaya nake buɗewa, hoto ɗaya ɗaya, in ƙara haske, in jawo kusurwa kusa har ta farfashe. Hayaƙi, daro, itace, bayan mata a sunkuye, rabin ɗankwali, gwiwar hannu a kan muciya. Akwai hoton ƙafata da yawa. Akwai na wani kare da ban san wanda ya gayyace shi ba. Idona ya yi ja, Hajara ta ce in na makance ita ba za ta ja mini gora ba.

Duk wanda na ga alama sai in ware. Ramatu ta zo ta duba, ta nuna wani hannu da ke juya tuwo ta ce, "Wannan nata ne." Ta zo wani karon ta gane bayanta, da yadda take ɗaure zani a gefen hagu. Ta roƙi in wanke mata su, na wanke. Ta sa a jaka ta yi godiya mai yawa, irin godiyar da ke sa mutum ya ji ya gaza. Hannu da baya dama tana da su a kanta, ba su ta zo nema ba.

A cikin neman na ci karo da wani hoto a gwajin bikin da muke kira shuɗi mai kifi. Mace ce ta juyo daga kan tukunya, muciya a hannu, baki a buɗe tana magana tana dariya, haske ya sauka a fuskarta tas. Na ce a raina, ashe Ramatu ma takan taya girki. Na ware shi gefe don in ba ta kyauta, na ci gaba da neman uwarta. Na bi sauran bukukuwan har na ƙarshe, ban samu komai ba.

Na kira ta. Ta zo da yamma bayan ta tashi daga kasuwa, da ƙanshin citta a jikinta. Na gaya mata gaskiya, na ce na duba duk abin da nake da shi, in akwai fuskar Mma to tana cikin faifan da teku ta ci. Ta ce ba komai, haka Allah ya so, ta fara gyara mayafi za ta tashi.

Na ce, "Tsaya, kar ki tafi hannu banza. Ban samo Mma ba, amma ke na samo ki. Dubi yadda kika yi kyau a bikin shuɗi mai kifi."

Na buɗe. Ta sunkuyo tana murmushin ladabi, sai murmushin ya tsaya. 

"Baba Sale," ta ce, "a bikin shuɗi mai kifi ko aure ban yi ba. Buɗe 'yan anko."

Na buɗe. Ta sa yatsa a ƙarshen layi. Wata 'yar siririyar budurwa ce, ɗaurin kanta ya fi ta girma, tana ɓoye rabin jiki a bayan ƙawarta. Ta ce, "Ga ni nan. Koma wancan."

Na koma. Ni da nake taƙama ba a ɓoye mini fuska, na kalli hoton nan, na kalli matar da ke tsaye a gefena, na sake kallon hoton. Kumatun ne, goshin ne, har 'yar wushiryar. Ramatu ta kai shekarun da uwarta take da su a ranar, ni kuma da tsarina da dosiyoyina na tsallake abin da nake nema na ajiye shi a matsayin tukuici. Na buɗe baki zan kare kaina, na ga ba ta ma san ina wurin ba. Hannunta ɗaya yana kan gilashin kwamfuta, ɗayan yana kan kuncinta.

Na wanke mata shi babba, a takarda mafi kyau da nake da ita. Ta karɓa da hannu biyu tun bai gama hucewa ba, ta je gaban madubin da ke jikin bango, inda masu ɗaukar hoto suke gyara hula, ta ɗaga shi kusa da fuskarta. Na ga wurin ya fi ƙarfina, na zame na fita bakin ƙofa ina duban masu wucewa kamar ina jiran wani.

Daga nan na jiyo ta, a hankali, irin yadda ake gaida wanda aka tarar a bakin murhu.

"Mma, sannu da aiki."